Roƙon Tallafi: Daɓen Katako Domin Ɗakin Rawar Gargajiya na Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, tsofaffin ɗalibai da maƙwabtan arziki, kwamitin iyaye da malamai ne ke neman hannunku a kan aiki guda ɗaya: daɓen ɗakin da yaranmu ke koyon koroso da sauran raye-rayen gargajiya. Ɗakin mita 12 ne a tsawo, mita 9 a faɗi, wato murabba'in mita 108, kuma ƙasansa siminti ne zalla. Duk wanda ya taɓa kallon koroso ya san rawa ce ta tsalle da dira da juyi. Siminti kuwa ba ya sassauta wa ƙafa ko kaɗan. Duk nauyin da yaro ya dira da shi, idon sawu da ƙwauri da gwiwa ne ke ɗauka, shi ya sa ake yawan jin kukan ciwon ƙwauri bayan atisaye. Tayil ya fi siminti muni, domin ga tauri ga santsi.

Abin da muka tsayar shi ne daɓen katakon bishiyar roba, irin mai hawa-hawa da ake haɗawa a masana'anta. Asalin bishiyar daga dajin Amazon take a Brazil, amma yau Tailan da Indonesiya da Biyetnam da Malesiya suna cikin manyan masu nomanta, kuma akwai ta a jihohin Edo da Delta. Ana tatsar ruwanta shekara 25 zuwa 30, idan ruwan ya ja baya sai a sare ta a yi katako. Saboda haka kuɗinsa bai kai na katakon Turai ba, ga shi fari-fari, mai matsakaicin tauri, yana karɓar shafe da kyau.

To me ya hana mu sayi falankin gida mai kauri mu buga kawai? Iskar garinmu ce ta hana. Da hunturu iska kan bushe ƙarau, da damina kuma ta cika da laima. Katako guda ɗaya yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake yin haka. Shekara biyu sun isa a ga tsagi tsakanin falle da falle, ko gefen wani ya banƙare ya tsaya yana jiran yatsan yaro. Mai hawa-hawa kuwa fatar katakon roba ce a sama, kaurin milimita 3 zuwa 4, an manne ta a kan siraran falle da aka gicciya jijiyarsu, wannan ta nan, wancan ta can. Idan hawa ɗaya ya so motsi sai na ƙarƙashinsa ya riƙe shi. Duka kaurin milimita 15 ne. Shi ma yana motsi, amma kaɗan ne.

Sai dai katakon roba yana da rauninsa, kuma gara mu faɗa tun yanzu. Akwai sitaci da yawa a jikinsa, don haka ƙwaron katako da fumfuna suna sonsa. Wanda ba a tura masa maganin ƙwari na boron da matsi ba tun yana ɗanye, ba a kuma busar da shi a tanda ba, zai fara zubar da gari kamar na tuwo, ko ya yi dabbare-dabbare masu shuɗi. Ba za mu biya kuɗin ko kwali ɗaya ba sai mai kaya ya nuna takardar magani da ta busarwa. Gara kuma tata hanyar daban ce, sai an yi wa gindin bango da tsagogin siminti magani kafin a rufe.

Katakon sama shi kaɗai ba ya kare gwiwa. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ke yin wannan aikin. Birkila zai fara daidaita simintin, kada tudu ko kwari ya wuce milimita 3 a tsawon mita 2, domin inda aka bar kwari nan daɓe zai riƙa ƙara. Sabon facin sai ya bushe sarai. Gwajin mai sauƙi ne: a manne leda a ƙasa kwana biyu, in an ɗaga an ga raɓa ko duhu, a ƙara jira. Daga nan a shimfiɗa leda mai kauri, gefe ya hau gefe da santimita 20, a manne. A kanta za a jera ƙananan matasai na roba masu lanƙwasawa idan an dira, tazarar santimita 30, wajen guda 1,200. Sai filawud mai milimita 12 hawa biyu, na sama ya gicciye na ƙasa don kada mahaɗarsu ta zo wuri guda; falle 80 muke buƙata har da na ko-ta-kwana. A ƙarshe katakon roba, murabba'in mita 116, domin yanka yana cin nasa. Za a ajiye kwalayen a cikin ɗakin kwanaki kafin a fara, don katakon ya saba da iskar wurin.

Wurin da kafintoci suka fi yin kuskure shi ne bakin bango. Dole a bar tazarar milimita 12 zuwa 15 zagaye da ɗakin, a rufe ta da allon gindin bango wanda aka buga a bango, ba a daɓe ba. In an matse katako da bango, damina ɗaya za ta ɗaga tsakiyar ɗaki kamar kunya a gona. Haka kuma kusa ko ɗaya kada ta ratsa har cikin siminti, in ba haka ba lanƙwasawar da aka kashe kuɗi dominta ta tafi. Daɓen zai tashi wajen santimita 6, don haka sai an rage ƙofa, a yi ɗan gangare a bakinta.

Shafen da za a yi marar ƙyalli ne. Mai ƙyalli ya fi kyau a hoto, amma ƙafa ba ta kama shi. Bayan an gama, ba wanka da bokiti, ba man goge daɓe, ba takalmi. Tsintsiya mai laushi kullum, da tsumman da aka matse sosai. Yashi ne babban maƙiyinsa, saboda haka mun sa tabarmar goge ƙafa biyu a lissafi.

Mai hali zai iya ɗaukar nauyin murabba'in mita ɗaya ko fiye, ko fallen filawud, ko leda, ko maganin gara. Kafinta ko birkila daga cikin iyaye da zai ba da aikin yini, mu a wurinmu daidai yake da kuɗi. Farashin kowane kaya yana manne a allon sanarwa, kuma ana sabunta shi idan kasuwa ta motsa. A kai gudummawa ofishin ma'ajin kwamiti, kada a fito sai da rasit. Muna so a yi aikin a hutun ƙarshen zangon farko, bayan ruwa ya ɗauke, lokacin da simintin zai bushe da wuri kuma yara ba sa nan. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya buɗa wa wanda bai samu ba.

Kwamitin Iyaye da Malamai