Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Manhajar Kula da Membobi da Aikinmu da Injiniyoyin Indiya

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa membobi, iyayen yara, da 'yan sa-kai masu bi gida-gida, ga rahoton kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu mai hidima ga masu lalurar nakasa a Kano, na shekarar 2024.

Ayyukanmu na kullum sun gudana: gyaran kekunan guragu, rakiyar yara zuwa gashin ƙashi, rubuta takardun tura marasa lafiya zuwa Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da ziyarar masu shanyewar ɓarin jiki da ba sa iya fita. Ma'aji zai kawo lissafinsu dabam. Wannan rahoto zai fi tsayawa a kan aikin da ya fi cin kuɗi da lokaci a 2024, wato manhajar da ta maye gurbin manyan littattafan rajista, wadda wani ƙaramin kamfani na ƙasar Indiya ya gina mana.

Abin da manhajar ke yi

Ayyukanta uku ne: rajistar memba, rubuta abin da aka gani a kowace ziyara, da tunatar da ranar komawa asibiti ko karɓar magani. Wurin tantance lalura ba mu ƙirƙiro tambayoyin kanmu ba. Mun ɗauki gajerun tambayoyi 6 na Washington Group, wani rukunin masana ƙididdigar nakasa na duniya, waɗanda ake amfani da su a ƙidaya da bincike a ƙasashe da yawa: gani, ji, tafiya ko hawa matakala, tuna abu ko tattara hankali, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, da fahimtar magana ko isar da ita. Kowace tambaya amsarta 4 ce: babu wahala, akwai 'yar wahala, akwai wahala sosai, ba ya iyawa sam. Amfaninsu shi ne ba sa tambayar mutum "kai nakasasshe ne?", tambayar da iyaye da yawa ke amsawa da a'a saboda kunya ko tsoron tsangwama.

Tsarin aiki da mutanen Indiya

Agogon Indiya yana gaban namu da awa 4 da rabi. Ƙarfe 9 na safe a Kano ƙarfe 1 da rabi ne na rana a wurinsu, kuma idan suka tashi ƙarfe 6 na yamma, mu nan ko azahar wasu ba su yi ba. Saboda haka tambayar da aka aika bayan azahar, amsarta sai gobe. Kwamiti ya tsayar da zama ta bidiyo na minti 30 da ƙarfe 10 na safe, ranakun Litinin da Laraba, aka bar Juma'a. Tun farkon shekara aka yi musayar jerin hutu: muka ba su azumi da sallah ƙarama da babba, suka ba mu Diwali da sauran bukukuwansu, don kada a sa ranar miƙa aiki a lokacin da ɓangare ɗaya baya nan.

Ana yanka aikin mako biyu-biyu. A ƙarshen kowane zango suna turo sabon zubi a gwada. Mutum ɗaya ne daga ɓangarenmu ke da ikon ce musu "yi kaza" ko "bar kaza". Wannan ƙa'ida ta zama dole, domin idan shugaba ya faɗi abu ta WhatsApp, sakatare ya faɗi wani a waya, injiniya zai yi duka biyun kuma ya caji kuɗin duka biyun. Duk abin da aka yanke a baki ana rubuta shi a ranar, domin Turancinmu da nasu lafazi ya bambanta, kuma "yes" a zaman bidiyo sau da yawa "na ji" yake nufi, ba "na yarda zan gama ranar" ba.

Kuɗin kwangilar da dala yake. Tun da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a watan Fabrairun 2024. Abin da ya rage wa ƙungiya zafin wannan shi ne raba biya kashi huɗu, kowane kashi a ɗaure da wani aiki da aka gani da ido, tare da riƙe kashi na ƙarshe har sai manhaja ta yi aiki a hannun 'yan sa-kai. An kuma cire abubuwan da za su iya jira, kamar zubin iPhone, tunda wayoyin mutanenmu kusan duk Android ne, Itel da Tecno da Infinix.

Inda aka samu cikas, da dalilinsa

Injiniyoyin sun iya aikinsu. Sai dai ba su taɓa shiga lungun Kurna ko Fagge ba, kuma duk abin da ba a faɗa musu ba, da halin ƙasarsu suke cike gurbinsa.

Zubin farko ya ƙi karɓar lambobin wayarmu. Lambar salula a Indiya alƙaluma 10 ce, tamu 11 ce da sifili a gaba, ko a cire sifilin a sa +234. Gurbin suna ya ƙi karɓar irin su Sa'adatu da Mu'azu saboda alamar hamza da ke tsakiya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun fito a rahoton da aka buga kamar akwatuna ko alamar tambaya, domin salon rubutun da suka zaɓa ba shi da su. An gyara ta hanyar sauya salon rubutu da tabbatar da cewa daga waya har rumbun bayanai tsarin UTF-8, mai karɓar haruffan kowane harshe, ake bi. Sannan aka gyara wurin bincike, ta yadda wanda ya rubuta Danladi zai samo Ɗanladi, tunda ba kowace waya ce ke da madannan Hausa ba.

Haruffan nan sun sake tasowa a saƙon tes. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ guda ɗaya ta shiga ciki, sai ya koma tsarin da ke ɗaukar 70 kawai, a caje mu kuɗin saƙo biyu ko uku a kan tunatarwa ɗaya. Yanzu saƙonnin tes ba sa ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, amma cikin manhaja suna nan daram. Wasu membobin kuma saƙon bai taɓa isa gare su ba, domin sun toshe tallace-tallace da lambar 2442. Sai da aka koma layin da kamfanonin aika saƙo suka ware wa sanarwa irin ta banki.

Adireshi da ranar haihuwa su ma sun ba da aiki. Fom ɗinsu ya tilasta lambar gida da lambar gidan waya mai alƙaluma 6. Mu kuwa da unguwa da layi da kwatance ake gane gida: bayan masallacin Juma'a, kusa da mai nika, a tambayi gidan mai unguwa. An sa ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano a jeri, aka bar fili na kwatance, aka ƙara maɓallin ɗaukar wurin da gida yake ta GPS. Dattawa da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, 'yan sa-kai suka riƙa sa 1 ga Janairu don fom ya wuce. Da ya haɗu da yawan masu suna iri ɗaya, sai manhaja ta fara haɗe mutum biyu a matsayin ɗaya. An ƙara zaɓin "kimanin shekaru", kuma an hana manhaja haɗe rajista da kanta, sai sakatare ya duba.

Babbar muhawarar shekarar ita ce ta aiki ba tare da sabis ba. Tsarinsu na asali yana buƙatar intanet a kowane danni. Kwamiti ya dage cewa ɗan sa-kai ya iya cike komai a waya, ta ajiye, ta aika idan sabis ya dawo. Wannan ya ƙara kuɗi da makonni, amma shekarar da kanta ta nuna amfaninsa: a ranar 14 ga Maris wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sannan a ƙarshen Oktoba yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako ba wutar lantarki. A lokutan biyu ziyara ba ta tsaya ba.

Wannan tsari yana da nasa tarkon da ya kamata 'yan sa-kai su sani. Idan mutum biyu suka gyara rajistar memba ɗaya ba sabis, zubin farko yana riƙe na wanda agogon wayarsa ya nuna ya zo daga baya. Wayar da batirinta ya mutu kuwa takan tashi da kwanan wata na bogi, sai tsohon bayani ya goge sabo. Yanzu kowace ziyara layinta dabam, ba a goge ta baya, kuma idan aka samu saɓani a bayanin asali manhaja tana nuna duka biyun a zaɓa. Hotunan rauni, kamar gyambon da doguwar kwanciya ke jawowa, waya tana ɗaukarsu da nauyin megabait 3 zuwa 5, yanzu ana matse su zuwa kusan kilobait 200 kafin a aika, kuma ma'aikacin jinya yana iya ganin abin da yake nema.

Shiga manhaja da lambar sirri ta tes ya tsaya wa waɗanda aka rufe wa layi a 2024 saboda rashin haɗa shi da NIN. An koma lambar sirri mai alƙaluma 6 da ke aiki ko babu layi.

Gwaji a hannun masu lalurar

A nan ne aikin ya fi samun inganci, kuma kwamiti yana ganin wannan ƙa'ida ce da bai kamata a sassauta ta ba: ba a biyan kason kuɗin kwangila sai membobi makafi, kurame da masu raunin hannu sun gwada da wayoyinsu. Injiniyoyin sun ce sun bi ƙa'idojin WCAG 2.1 na sauƙaƙa wa masu lalura amfani da manhaja, kuma na'urar bincikensu ta nuna komai lafiya. Da makafi suka kunna TalkBack, muryar Android mai karanta abin da ke fuskar waya, sai ga maɓallai da yawa ba suna, murya tana cewa "button" kawai, ba a san na ajiyewa ba ne ko na gogewa. Na'ura tana iya gano cewa hoto ba shi da suna, amma ba ta iya gane cewa jerin da murya ke bi ya tsallake daga sunan memba zuwa ƙasan shafi.

Muryar karatun da ke wayoyin membobinmu ta Turanci ce, tana karanta Hausa da lafazin da ba a ganewa. Saboda haka aka naɗi muryar mutum, mace da namiji, ga kowace tambaya da kowace tunatarwa. Wannan ya taimaki iyayen da ba su yi boko ba fiye da yadda aka zata. Masu raunin gani da zabiya sun nemi a bar rubutu mai ruwan toka a kan fari. Ƙa'idar ta ce bambancin hasken rubutu da bango kada ya gaza 4.5 zuwa 1, kuma a hasken ranar Kano da tsakar rana ma fiye da haka ake buƙata. An ƙara girman maɓallai zuwa ma'aunin 48 da Android ke ba da shawara, saboda masu rawar hannu, aka cire duk abin da sai an ja yatsa ko an danna an riƙe.

Kurame sun kawo gyaran da ba wanda ya hango. Kamfanin ya ba da shawarar sayen bidiyon maganar hannu na Amurka, tunda wadda ake koyarwa a makarantun kurame, irin ta Tudun Maliki, daga can ta samo tushe. Amma kurame da yawa, musamman manya da waɗanda ba su shiga makaranta ba, Maganar Hannu ta Hausa suke yi, kuma harshe ne mai zaman kansa. Membobinmu ne suka tsaya gaban kyamara, aka ɗauki bayanin neman yarda da harsunan biyu.

Sirrin membobi da mallakar manhaja

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane. Yaro ko wanda ba ya iya yanke wa kansa hukunci, iyaye ko waliyyi ne ke ba da yarda a madadinsa. Bisa haka, injiniyoyin Indiya ba sa ganin sunan memba ko hotonsa. Da sunayen ƙirƙira suke gwaji. Idan matsala ta taso a rumbun gaske, ana buɗe musu na ɗan lokaci a gaban wakilinmu, a rufe da an gama. Ɗan sa-kai yana ganin mutanen unguwarsa kawai, kuma idan waya ta ɓata, a sanar da sakatare a ranar don a toshe ta.

Asusun GitHub inda rubutun manhajar yake, asusun Play Store da aka buɗe da dala 25, asusun sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan a intanet, da adireshin intanet, duk da sunan ƙungiya aka buɗe su, mu muka gayyaci kamfanin ciki. Yarjejeniya ta bayyana cewa manhajar mallakar ƙungiya ce. Ana ɗaukar kwafin ajiya kowane dare, kuma duk wata ana gwada dawo da shi, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana aiki ba.

Abin da ke gabanmu a 2025

Kwangilar gini ta ƙare, saura ta kulawa. Kwamiti yana neman amincewar taro a ɗauki matashin injiniya a nan Kano, zai fi kyau ya zama mai lalura, ya yi wata 3 yana aiki tare da mutanen Indiya kafin su miƙa. Ana kuma neman ƙarin kasafin data, ganin cewa hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025.

Tambayoyi 6 na tantance lalura ba su dace da ƙananan yara ba, don haka za a ƙara na yara 'yan shekara 2 zuwa 17 waɗanda Washington Group da UNICEF suka tsara. Za a kuma ƙara wurin rubuta gine-ginen gwamnati da keke ba ya iya shiga, tunda wa'adin shekara 5 da dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta bayar, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ya riga ya cika.

Duk memban da ke son ganin abin da aka rubuta a kansa, ko gyara shi, ko a goge shi, haƙƙinsa ne a doka, ya sami sakatare a ofis. Masu son shiga rukunin gwaji, musamman mata kurame da iyayen yara masu farfaɗiya, su rubuta sunayensu bayan taro.

Wassalam.
Kwamitin Gudanarwa