Sanarwa kan kayan da aka aiko ba daidai ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ganin yadda ƙorafi ya yawaita kan atamfa da shadda da takalman da ake saya ta intanet, a aiko daga Legas ko Kano zuwa tashar Kawo ko ta Mando da ke Kaduna, muna jan hankalin duk wanda kayansa suka iso ba yadda ya biya ba.

Kada a cire takardar jikin kaya, kada kuma a kai yadi wurin tela, domin da zarar almakashi ya taɓa shi magana ta ƙare. A ɗauki bidiyo tun daga yage leda, a haɗa da hoton tallar da shaidar tura kuɗi, sannan a aika wa mai kayan a rubuce, tare da bayyana ko canji ake so ko mayar da kuɗi, da kuma wanda zai biya kuɗin mota, wanda galibi a nan ake samun saɓani.

Idan mai kayan ya yi kunnen uwar shegu, dokar 2018 da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa wa bayanin talla, kuma hukumar tana karɓar koke ta shafinta na intanet.