Zuwa ga aminina Isufu, a Agadas

Daga Maradi, unguwar Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin Agadas? Mu nan hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe gari. A gaishe mini da Hajiya da yara.

Na ga hoton takardar da ka turo ta WhatsApp, baƙin rubutu duk zane-zanen fari, ja kuwa ya ɓace ɗungum. Kwantar da hankalinka, firintar ba ta mutu ba, kanta ne ya toshe, wato abin da ke kai da kawowa yana fesa tawada a takarda. A ƙarƙashin kan akwai 'yan ƙofofi birjik, kowace ba ta kai kaurin gashi ba, ta nan tawada ke fesowa. Ita kuwa tawada akasarinta ruwa ne. Ka ajiye injin duk tsawon hutun makaranta ko shafi ɗaya ba ka buga ba, ga busasshiyar iska irin taku, ai dole ta bushe a bakin ƙofa.

Taka Epson ce mai tanki, shi ya sa nake so ka lallaɓa ta. Ƙananan HP da Canon da yawa kansu a jikin kartush yake, wato ɗan akwatin tawada da ake cirewa, in ya lalace sai a sayi sabo, magana ta ƙare. Na Epson a jikin injin yake, canza shi kuma aljihu zai ji a jikinsa.

Fara leƙa tankunan. In wani ya sauka ƙasa da layi, cika shi tukuna, don iska in ta shiga bututu ita ma haka take yanke rubutu. Sannan ka shiga saitin firintar a kwamfuta, ka buga takardar gwaji mai layukan launi, ka sa ta wanke kai, ka sake gwadawa. Kada ka wuce sau 3. Na san halinka, sai ka yi ta dannawa har asuba. Kowane wanki zuƙo tawada yake yi ya zubar a wani soso da ke cikin injin, ranar da soson ya cika kuwa firintar za ta ƙi aiki sam. In sau 3 bai yi ba, kashe ta, ka bar ta awa 12, ka sake gwadawa. Sau tari wannan hutun kaɗai ke jiƙa abin da ya bushe.

In ta ci gaba da taurin kai, kunna ta, da kan ya matso tsakiya ka zare waya daga bango. Ninke takarda mai laushi wadda ba ta barin zare, ka ɗiga mata tataccen ruwa, ka shimfiɗa a hanyar kan, ka turo shi bisanta da hannu ya kwana. Irin ruwan da ake ƙara wa batirin mota nake nufi, amma ka tabbata ba mai asid aka ba ka ba. Na rijiya da na famfo suna barin gishiri. Allura kuwa ko da wasa. Na ga wani mai gyara a nan ya tsokale kan wata firinta da ita, sai dai aka jefar.

Bayan ta warke, da maɓallinta za ka riƙa kashe ta, don kan ya koma mazauninsa inda roba ke rufe shi. In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, da wuta ta dawo ka kunna ta. Ka lulluɓe ta da zane, kuma kowace Juma'a ka buga shafi guda mai duk launuka.

Tawada marar suna ta bakin kasuwa kada ka gauraya ta da wadda ke ciki. Turo mini lambar da ke jikin kwalbarka da hoton takardar gwajin. In babu irinta a can, sai in saya in ba direba.

Naka,
Lawali