A ji tsoron Allah a bakin mudu

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Satin da ya wuce na shiga babbar kasuwa nan Garwa na auno gero mudu 10, mai awon dattijo ne ga carbi a hannu ga tabon sallah a goshi, shi ya sa ban ko tsaya dubawa ba. Da na isa gida uwargida ta juye a faifai sai ga tsakuwa da ƙaiƙayi jibge a ƙasa, ta sake aunawa da mudunta bai ma kai 9 ba, ashe an bubbuga gindin mudun mai awon ya lotsa ciki. Wallahi ba sefar da na yi asara ce ta dame ni ba, a sahu ɗaya fa muke sallar Juma'a da mutumin nan.

Sura guda Allah ya saukar kan masu tauye mudu, Suratul Muɗaffifina, yaranmu na makarantar allo ma sun haddace ta. Kuma Manzon Allah (SAW) ya taɓa cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe an ɓoye a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Ina roƙon limamanmu na Garwa da Marwa har Ngaundere su riƙa taɓo maganar awo a huɗuba, shugabannin kasuwa kuma su zagaya su duba mudun kowa kafin azumi ya zo.

Naku mai karatu kullum,
daga Garwa, Kamaru