Muhawarar ranar Asabar

Salam ƴan uwa, da fatan kowa na lafiya.

In sha Allah ranar Asabar ƙarfe 9 na dare za mu yi muhawarar nan da muka ɗage, wato ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, riba suka ci ko asara? Ku tuna a ƙuri'ar 23 ga Yuni 2016 kashi 52 ne suka ce a fita, 48 suka ce a zauna, tazarar ba yawa shi ya sa ni dai ban yi mamaki ba da har yau gardamar ta ƙi mutuwa duk da sun fice tun 31 ga Janairu 2020.

Kowa ya faɗi ɓangarensa kafin Juma'a da dare, saƙon murya kar ya wuce minti 2, kuma don Allah banda zagi.

Allah ya kai mu, na gode.