Banki ya zaftare min sama da naira miliyan 2: in kai ƙara ko in karɓi rangwame?

Assalamu alaikum Barista, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na jima ina karanta amsoshin da kake bai wa jama'a a wannan fili, yau ga shi nima abin ya iso ƙofata.

Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, riɗi da zoɓo nake saye ina kai wa kamfanonin da ke fitar da su waje. Sana'armu ta kaka ce, wanda bai da kuɗi a hannu lokacin da kaya ke fitowa daga ƙauye, to sai dai ya saya da tsada wajen waɗanda suka riga shi tarawa. A kakar 2021 jarina ya gaza, sai yaron da ke kula da asusuna a banki ya ce za su ba ni damar cirar kuɗi fiye da abin da nake da shi, wato obadiraf, har naira miliyan 8, kuɗin ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara. Takardar gidan da nake ciki na ba su jingina. Baba ya hana ni, ya ce kuɗin ruwa ba ya barin mutum da albarka, na yi kunnen ƙashi. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, na tuba, kuma ba shi ya sa na rubuto ba.

Shekarar farko lafiya lau, har aka sabunta min. Farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi. Manoma suka ce ba su san taransfa ba, tsaba suke so, masu karɓar kayana kuma suka riƙe biya. Wata uku ban zuba abin kirki a asusun ba. Tun daga nan bashin ya ƙi motsi, ina zubawa kamar mai ɗiban ruwa da kwando. In na tambaya sai a ce ai Babban Banki ne ya ƙara kuɗin ruwa. Da yake na ji a rediyo cewa tun watan Mayun 2022 ake ta ƙarawa, sai na yi shiru.

Ɗan yayata ne ya buɗe min ido. Akanta ne, ya ce in karɓo masa sitetimen ɗina tun daga ranar farko. Dare biyu ya yi a kai, yana gwada shi da takardar yarjejeniyarmu da kuma ƙa'idar cajin bankuna da Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020. Da ya gama ya kira ni, ya ce Kawu zauna.

An ɗaga ruwan daga kashi 24 zuwa 31, ba wasiƙa, ba saƙon waya, alhali ƙa'idar ta ce a sanar da mutum kwana 10 na aiki kafin a canza masa. Kuɗin kula da rance, wanda bai kamata ya wuce kashi 1 ba kuma sau ɗaya ake cirewa, ni duk bayan wata uku ake cire min. Tarar makara kashi 1 ce a wata a kan abin da ba a biya ba, su kuwa a kan miliyan takwas ɗin gaba ɗaya suka riƙa ɗorawa, sannan tarar ta shiga cikin uwar kuɗi ta fara haifar nata ruwan. Abin da ya fi ba ni haushi ma ƙarami ne: wani layi da aka rubuta COT har sau biyar, wato kamashon da a da ake cirewa a kan kuɗin da ke fita daga asusu, cajin da aka soke tun 2016. Jimilla ya samo naira 2,340,000. Barista, kuɗin makarantar yarana ne na shekara biyu, har da canji.

Muka rubuta takardar ƙorafi, aka buga mana hatimi, aka ba mu lambar bibiya. Kwana 30 suka wuce ba labari. Sai makon jiya manaja ya kira ni ofis, har da ruwan sanyi, ya ce hedikwata ta tausaya min za a yafe naira 600,000, amma sai na sa hannu cewa ba ni da sauran wata magana da su. Ban ji ya ce sun yi kuskure ba. Da zan tashi ya ce, "Alhaji, ka dai tuna takardar gidanka tana wajenmu." Da dariya ya faɗa, amma ni ban yi barci ba ranar.

Yanzu kan mutanena ya rabu. Ɗan yayata ya ce mu tura ƙorafin sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, ba a biyan ko sisi, kuma suna iya tilasta wa banki ya mayar da kuɗi. Wani lauya da abokina ya haɗa ni da shi ya ce kotu kawai, a ba shi kafin alƙalami sannan kashi 20 na duk abin da aka samo. Uwargida kuwa cewa take in karɓi dubu ɗari shidan mu rabu lafiya, wai shari'a da mai kuɗi sai dai jikoki su ji hukunci. Ba na ganin laifinta, ita ce za ta kwashe yara in aka zo da takardar tashi.

Shi ne nake son ka haska min. Idan na kai CBN, na rufe wa kaina ƙofar kotu ke nan, ko zan iya zuwa daga baya in ban gamsu ba? Na ji ana cewa ƙorafin da ya wuce shekara 6 ba a sauraronsa, daga wace rana ake fara ƙirgen, ranar da aka cire kuɗin ko ranar da na gano? Sannan har yanzu suna bi na kusan miliyan 3 a lissafinsu. In ci gaba da biya yayin da ake rigimar, ko biyan zai zama kamar na amince da lissafin nasu? Kuma suna da ikon sayar da gidan alhali magana tana gaban hukuma? Kotun ƙananan ƙararraki da aka buɗe a Kano tana karɓar irin wannan, ko sai babbar kotu?

Akwai kuma ɗaya da nake jin kunyar yi wa lauyan. An ce idan banki ya mayar da abin da ya cire ba daidai ba, yana haɗawa da ruwa a kai. Ni haƙƙina kawai nake so, ba na son ƙarin ko kwabo. Zan iya rubuta hakan a takardar ƙarar ba tare da ya raunana ni ba?

Manaja ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo amsa. Don Allah a sakaya sunana.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Dawanau, Kano