Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi: a fara da kasuwar kara kafin kunnen saniya

Mai girma Minista, Alhaji Idi Mukhtar Maiha,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, tun da aka kafa wannan ma'aikata a 2024 ake ta maganar yi wa dabbobin ƙasar nan rajista da maƙala musu shaida ta zamani a kunne, wadda ke aiki da fasahar RFID, wato karanta lambar shaida ta hanyar igiyar rediyo. Ina goyon bayan haka. Abin da ya sa na rubuto shi ne yadda ake tallata abin ga makiyaya, kamar da zarar an maƙala shi satar shanu ta ƙare.

Fasahar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce a cikin fasfo ɗin da Najeriya ta fara bayarwa a 2007, ita ce a katin banki da ake kangawa a jikin na'urar POS ba tare da an zura shi ba. Wadda ake sa wa dabba ba ta da batir. Sai an kawo na'urar karantawa kusa da ita, igiyar rediyon na'urar ta ba ta ɗan ƙarfi, sannan ta furta lambarta mai alƙaluma 15, ukun farko na nuna ƙasa (tamu 566) ko kamfanin da ya ƙera ta. Nisan karatunta kuwa da ƙyar yake kai mita ɗaya.

Mita ɗaya, ranka ya daɗe. Wato idan ɓarayi suka kora garke cikin dajin Rugu ko Kamuku, babu jami'in da zai zauna a Abuja ya ga inda suka nufa a kan kwamfuta. Wannan aikin na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam ne, mai batir da tsada, kuma dabam take. Duk ɗan kwangilar da ya ce maka ɗan kunnen RFID zai nuna maɓoyar ɓarawo, a tambaye shi da kyau.

Inda fasahar ke da amfani shi ne ƙofar da dole saniya ta bi. Ɓarawo ba don ya yi kiwo yake sata ba, sayarwa zai yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai dillalin da ke karɓa, akwai mai tirelar da ke ɗauka cikin dare, akwai mahaucin da ba ya tambaya in farashi ya yi masa daɗi. Da a ce akwai na'urar karantawa a ƙofar kasuwar Maigatari, da Potiskum, da Wudil, da Mubi, da Illela, a wuraren lodi, har zuwa mayankar Oko-Oba da ke Legas, kuma duk suna haɗe da rumbun bayanai guda, to saniyar da aka kai rahoton sacewarta a Zamfara za ta tona kanta ranar da aka kawo ta kasuwa. In babu waɗannan, abin da aka maƙala mata ado ne kawai. Don haka nake roƙon kuɗin farko ya tafi ga kasuwanni da mayanka, da hasken rana da zai riƙe na'urorin, da horar da mutanen Sarkin Fawa da shugabannin dillalai, kafin a sayo miliyoyin 'yan kunne a jibge a sito.

Ɓarawo kuma yana da wuƙa. Yanke kunne ba wuya. Botswana ta fara nata tsarin a 2001 da wani dunƙulen tangaran da ake ɗura wa saniya ya zauna a cikinta, ba ya fita sai an yanka ta. Daga baya suka koma ɗan kunne, saboda ɗurawar sai jami'in gwamnati, jira ya yi wa masu dabbobi yawa. Su nama suke son sayar wa Turai, mu kuwa sata ce ta fi damun mu, don haka bai kamata a kwafo zaɓinsu ido rufe ba. Aƙalla dai doka ta ce dabbar da aka ga alamar an cire mata shaida ba ta shiga kasuwa sai an bincika. Uruguay, wadda ta wajabta tsarin tun 2006, ta yi nasara ne don saye da sayarwa ba sa yiwuwa sai da lambar.

Sai batun yarda, wanda ya fi na'ura wuya. Bafulatani bai manta da jangali ba, kuma a al'adarsa ba a ƙirga masa shanu a bainar jama'a. Wanda ya zo ruga da takarda da biro yana tambayar adadi, haraji za a ɗauka ya kawo. Ga kuma tsoro na gaskiya: jerin sunayen masu garke da yawan dukiyarsu, in ya faɗa hannun masu garkuwa da mutane, an gama musu aiki. A faɗi a rubuce wa ke da ikon ganin bayanan, da hukuncin wanda ya fitar da su. A bi ta hannun arɗo-arɗo, a haɗa maƙalawar da rigakafin ciwon huhu kyauta, mai dabba ya ga abin da ya samu tun ranar farko.

Shanu da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu na kan iyaka daga Nijar da Chadi da Kamaru suke shigowa. Nijar ta fice daga ECOWAS, amma Maigatari na ci kowace Alhamis. Ina roƙon a fara gwajin a can, tare da hukumomin dabbobi na jihar Damagaram, a yi shekara guda, a bayyana wa jama'a dabbobi nawa aka karanta da nawa aka mayar wa masu su, kafin a sa hannu a kwangilar ƙasa baki ɗaya.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Jigawa